Mai Rauni a Gaba, Madugu a Baya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, tun zamanin da mota ba ta shiga garin sai ranar kasuwa. Sunansa Malam Hashimu, sana'arsa wankin hula. Ba malamin makaranta ba ne, Malam ɗin na girmamawa ne kawai. Ku matso, ku saurara. Kun san ni, zama wuri ɗaya wuya yake ba ni, saboda haka ba zan riƙe ku ba.

Rumfarsa tana bakin filin makarantar firamare ta garin. Nan yake wuni a tsugune gaban baho, sabulu ya cinye masa yatsu, yana goge huluna da buroshi, ya sa musu sitaci, ya ɗora su a kan gwangwanaye su sha rana. A filin nan kuwa, kowace Asabar bayan la'asar, wani malamin makaranta yakan tara ƙananan 'yan sikawut. Ba manyan nan masu ƙirji da kuke gani a fareti ba. A'a, 'yan ƙanana, masu famfara, waɗanda in sun yi dariya sai ka ga giɓi. Kowa da gajeren wando da ƙyalle a wuya. Malam Hashimu yakan ba su ruwa daga randarsa, in biyu sun kama kokawa ya taso ya raba. Iyakar haɗinsa da su ke nan.

Ran nan aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Ya zo rumfa da jakarsa a hannu, ya cire usur daga wuyansa ya rataya wa Malam Hashimu.

"Riƙe mini su, Malam, kafin a turo wani. Ba za a daɗe ba."

"Ni? Ni me na sani a sikawut?"

"Ka san yara. Sauran kuwa, su za su koya maka."

Jama'a, har gobe ana turo wanin.

Shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Yaran farko suka girma suka tafi, ƙannensu suka shigo. Ya koyi ƙulle-ƙullen igiya a hannun yara, ya koyi kafa tanti, ya koyi waƙoƙinsu da muryarsa mai kama da ta tsohon ƙyaure. Babu albashi, babu ko sannu. Yaro ya yar da ƙyallensa, uwa ta aiko da faɗa. Yaro ya yage wando a kan katanga, uba ya tare shi a ƙofar masallaci. Wasu iyayen ma ba su san me ake yi a filin ba, abin da suka sani shi ne, "Ku tafi wurin Hashimu ku ba mu wuri mu sha iska." In an tashi, waɗanda ba a zo ɗauka ba shi zai bi lungu-lungu ya kai su ƙofar gida, sannan ya dawo ya kwashe hulunan mutane. Masu kawo wanki ranar Asabar suka gaji da tarar da rumfa ba kowa, suka koma wurin wani.

Kada ku zaci irin mutanen nan ne da ake ba ku labari, masu murmushi dare da rana. A'a. Mutumin nan ya gaji. Ya gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Yakan yi tsaki, yakan yi mita, yakan daka wa yara tsawa ya dawo yana jin haushin kansa. Gwiwarsa ta dama ta kumbura saboda tsuguno, kullum matarsa Ladidi na shafa masa man zafi tana magana.

"Malam, yaran mutane dai, yaran mutane. Naka sun girma sun kama gabansu, kai kuma ka koma reno."

"Bana ce ta ƙarshe, Ladidi."

"Bara ma bana ce ta ƙarshe."

Ya je wurin hedimasta ya ce a nemo wani. Aka ce to. Ya koma, aka ce to. Ya sake komawa, har in hedimasta ya hango shi sai ya fara cewa to tun kafin ya yi sallama.

To, ku saurara, ga inda maganar take. Malam Hashimu yana da wata ƙa'ida guda wadda bai koya daga wurin kowane malami ba. Kakansa falke ne, ya yi fataucin goro da jakuna, kuma ya sha gaya masa yadda suke jan ayari. Ya ce jagaba yana gaba, madugu yana baya. Jakin da ya fi rauni kuwa shi suke sa wa a sahun farko, ayari duka ya bi takunsa. In ka bar shi a baya, kafin rana ta faɗi ka waiga ba ka gan shi ba, kura ta samu abinci.

Haka ya mayar da yaransa. Duk ranar da za su fita tattaki bayan gari, yaron da ya fi kowa nawa shi ne jagaba, shi kuma Malam Hashimu yana can ƙarshen layi da usur. Kafin a ɗaga ƙafa sai ya busa, ya tambaya:

"Wa ke gaba?"

Yara su amsa, "Mai rauni!"

"Wa ke baya?"

"Madugu!"

A zamanin da nake ba ku labari, jagaban wani yaro ne, Sallau. Ya faɗo daga bishiyar mangwaro yana ƙarami, aka yi masa ɗori, ƙafar ta warke a karkace. Yana tafiya da 'yar sanda, yana jefa ƙafar gefe. Amma bakinsa lafiya lau. A bayansa kuwa akwai Lurwanu, dogo, mai ƙafafun barewa, wanda tafiyar sannu take ci masa rai kamar an ɗaure shi a turke.

"Malam! Wallahi kunkuru ya wuce mu!"

Sallau ko waigowa ba ya yi. "Bi shi mana, ko ya kai ka gida."

"Ku yi mini shiru," in ji Malam Hashimu daga baya. "Kaina ciwo yake."

Kowace shekara bayan damina, ana tara ƙananan 'yan sikawut na garuruwan yankin, a yi gasar tattaki daga filin makaranta zuwa gindin wani dutse da ke bayan gari. Waɗanda suka riga isa a ba su kofi da tuta. Ba sai na gaya muku su wa ke zuwa na ƙarshe ba. Har ya zama abin barkwanci a garin. In mutum ya makara wurin ɗaurin aure sai a ce, "Da yaran Hashimu ka taho?"

A shekarar nan, ana saura 'yan kwanaki gasa, hedimasta ya aika a kira shi. Ya shiga ya tarar da wani saurayi zaune, sabon malami, Malam Sanusi, bai daɗe da fitowa daga kwaleji ba, ga takalmin kambas fari fat.

"Malam Hashimu," in ji hedimasta, "addu'arka ta karɓu. Ga wanda zai karɓe ka. Ya yi sikawut tun yana yaro."

Malam Hashimu ya ji kamar an sauke masa dutsen niƙa daga ka. Har ya kai hannu wuya zai cire usur.

Malam Sanusi ya ce, "Baba, ina so, amma da magana ɗaya. Ba zan iya karɓar ƙungiyar da gari ke yi wa dariya ba. Na ga yaranka, akwai masu ƙafa a cikinsu. A bar gurgun nan a gida ranar gasa. Ko ba su ci kofi ba, su dai fita daga na ƙarshe, ni kuma in karɓa da ƙwarin gwiwa."

"Ba gurgu ba ne. Karaya ce ta warke a karkace."

"To, shi ɗin dai."

Kada ku zagi saurayin nan a zuciyarku. Ba mugu ba ne. Yaro ne mai son ya ga ya ci, kamar ni, kamar yawancinku.

Hedimasta ya ce, "Malam Hashimu, ba kai ke zuwa kullum kana cewa a nemo wani ba? To ga wani. Yini ɗaya ne fa. Yini ɗaya, ka huta har ƙarshen rayuwarka."

Ya koma gida ya gaya wa Ladidi. Ta ajiye muciya ta dube shi.

"Malam, ka dubi gwiwar nan. Ka dubi rumfarka. Yaro ne, ka kai masa alewa, jibi ya manta. Kai wa ya taɓa tausaya maka?"

Ya san ba ƙarya ta faɗa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar, ana gobe gasa, ya sa hularsa ya nufi gidan su Sallau. Ku ji da kyau, ba ziyara ya je ba. Ya je ne ya ce yaron ya zauna a gida. A hanya yana ta shirya maganar a bakinsa, yana juya ta, yana neman inda ta fi laushi.

Ya yi sallama. Sallau ya fito da sauri irin nasa, ƙyallen wuyan a hannu, an wanke an goge.

"Malam, ka ga! Inna ta goge mini da dutsen gawayi. Kuma kullum da safe ina zagaya unguwa, na ƙara sauri, wallahi gobe Lurwanu sai ya roƙe ni in jira shi."

Daga bayan labulen zaure uwarsa Delu ta gaishe da Malam, ta ce wa yaron ya je ya kawo wa baƙo ruwa. Da ya shige, sai ta sassauta murya.

"Malam, na ji maganar a bakin mata. Ka yi mana ƙoƙari, Allah ya saka. In zai ja ku baya, a bar shi. Ba sai ka faɗa masa da bakinka ba. Ni zan ce masa an fasa tafiyar."

Kun ji ko? An buɗe masa ƙofa har bango. Ba zai yi ƙarya ba, wata za ta yi masa. Ba zai ga hawayen yaro ba. Abin da ya rage kawai ya ce to, irin to ɗin da hedimasta ya yi shekaru yana ce masa.

Ya tsaya a zauren nan, gwiwa na zugi. Sai ya hango safiyar gobe a zuciyarsa. Yara sun yi layi, ya busa usur, ya ce wa ke gaba. Me za su amsa? Su ce mai rauni, alhali duk sun san inda aka bar mai raunin? Yara ba su iya karatun zuciya ba, amma sun iya duba layi su ga wanda babu.

Sallau ya dawo da kwanon ruwa yana tangal-tangal, rabi ya zube a hanya. Malam Hashimu ya karɓa ya sha, ya miƙa kwanon.

"Ba a fasa ba, Delu. Ki tashe shi da wuri. Shi ne jagaba."

Kuma kada ku zaci ya koma gida yana jin daɗi, wai haske ya cika masa zuciya. Ko kusa. Ya koma yana jan ƙafa, yana jin kamar ya zauna a bakin kwata ya yi kuka. Hutun da ya yi shekaru yana roƙo ya zo har tafin hannunsa, shi da kansa ya buɗe hannun.

Gari ya waye, fili ya cika da yara da tutoci. Malam Sanusi ya zo a kan kekensa, ya hango Sallau a gaban layi da 'yar sandarsa. Ya girgiza kai ya taka keke ya yi gaba. Aka busa, ƙungiyoyin sauran garuruwa suka zuba a guje, kafin ka ce kwabo sun ɓace a cikin dawa. Lurwanu ya bi su da ido, hawayen haushi na zubo masa.

"Wa ke gaba?"

"Mai rauni," suka amsa, murya ba ƙarfi.

"Wa ke baya?"

"Madugu."

Suka kama hanya. Rana ta ɗaga. Wannan ya ce ƙaya ta soke shi, a tsaya a cire. Wancan ya ce fitsari. Wani ya shanye ruwan gorarsa tun ba a je ko'ina ba, ya koma roƙon na wasu, faɗa ya tashi. Malam Hashimu na baya yana raba su, yana busa usur jefi-jefi don na gaba su san yana nan.

Da suka zo wani rafi da ya fara janyewa, ya tsaya a cikin ruwa yana tsallakar da su ɗaya bayan ɗaya. Ya gama, ya zo hawa gaɓa, santsi ya kwashe shi, gwiwar nan ta murɗe. Ya ciji leɓe ya miƙe, bai bari sun gani ba. Ya taka, ya taka, tazara na ƙaruwa. Yaran ba sa waiwaye, don tun da suke ba su taɓa waigowa suka rasa shi ba.

Sallau ne ya tsaya. Ya ce, "Na daɗe ban ji usur ba."

Suka juya. Can baya suka hango Malam zaune a gindin wata ɗorawa, ya miƙe ƙafa, hula a ƙasa. Suka koma suka kewaye shi.

"Ba komai," in ji shi, yana haki. "Ku tafi. Ga dutsen can kuna gani, ga tutoci, hanya ɗaya ce. Lurwanu, ja su. Ka ce wa mutanen can a turo mini keke. In kun yi sauri ma kwa tarar da wasu a hanya."

Jama'a, abin da yaron nan ya yi shekara yana nema ke nan. An kwance shi daga turke. Ya dubi dutsen. Ya dubi Malam. Ya sake duban dutsen. Sai ya sunkuya ya zare usur daga wuyan Malam Hashimu, ya rataya a nasa, ya busa har kunnuwa suka yi ƙara.

"Wa ke gaba?"

Sai Sallau ya ce, "Mai rauni." Duk suka juya suka zuba wa Malam ido.

"To Malam, tashi," in ji Lurwanu. "Yau kai ne."

"Kai, ba na son shashanci. Na ce ku tafi."

"Ƙa'ida ce, Malam. Ba mu muka kafa ta ba."

Sallau ya miƙa masa sandarsa, ya dafa kafaɗar wani yaro. "Riƙe nan, Malam. Ka jefa sandar tare da mai ciwon, sannan mai lafiyar ta biyo. Wannan kam na fi ka sani." Da Malam ya yi taku biyu, sai yaron ya kwashe da dariya. "Ashe akwai wanda na fi sauri a duniya!"

Haka suka tafi. Tsoho a gaba yana ɗingishi da sandar yaro, Sallau na biye, sauran na biye, mai ƙafafun barewa can a ƙarshe yana busa usur yana cewa, "Kai, koma layi. Kada wanda ya wuce jagaba." Malam Hashimu bai taɓa tafiya a gaban layin nan ba sai ran nan. Bai waiga ba ko sau ɗaya, don ba ya so su ga fuskarsa.

Sun isa an riga an ba da kofi, an kwance lasifika, ana loda kujeru. Tukunyar shinkafa saura ƙanzo. Wasu suka yi dariya, wani ya ce, "Ga na Hashimu nan, bana har da shi a gaba." Malam Sanusi ya zo ya kama Malam Hashimu, ya ɗora shi a keke ya tura har gida, Allah ya saka masa. Amma ƙungiya bai karɓa ba. Ya ce sharaɗi sharaɗi ne.

In kuna jira in ce wani attajiri ya gani ya ba shi kujerar Makka, to babu. Asabar ta zagayo, la'asar ta yi, yara suka cika fili suna kiran Malam, Malam. Ya zauna a bakin gado yana duban usur.

Ladidi ta ce, "Bana ce ta ƙarshe?"

Ya ce, "Miƙo mini man zafin nan."

Ya ci gaba. A gajiye ya ci gaba, shekara da shekaru, har gemunsa ya yi fari fat. Sai wata Asabar wani saurayi dogo, kafinta, ya shigo rumfa da ƙurar katako a gashinsa, ya durƙusa ya gaishe shi. Lurwanu ne. Ya kai hannu ya zare usur ɗin kamar yadda ya taɓa zarewa a gindin ɗorawa.

"Zauna, Malam. Na karɓa."

Ba a turo kowa ba. Shi ya rena wanda ya karɓe shi.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Alheri ba sai kana jin daɗinsa yake zama alheri ba. Mu matasa, da abu ya fara gundurarmu sai mu ce zuciyata ba ta kwanta ba, mu ajiye, mu nemi wani. Bawan Allahn nan zuciyarsa ba ta kwanta ba ko na yini guda, amma bai sayi hutunsa da hawayen yaro ba. Malamai sun gaya mana ko liman an umarce shi ya sassauta salla saboda mai rauni da ke bayansa. In salla ta jira mai rauni, wace tafiya ce taka da ba za ta jira shi ba?

Kuma ku sani, yara ba abin da ka faɗa suke riƙewa ba, abin da ka yi ranar da ka gaji suke riƙewa. Kai mai ƙanne a gida, kai mai yaran shago, kai mai koyar da ƙwallo a filin unguwa, duba layinka ka ga wa ka bari a baya. Yadda ka yi da shi, haka za a yi da kai, domin ƙafar kowa tana da ranarta. Yau kai ne Lurwanu. Wallahi gobe kai ne a gindin ɗorawa.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. A unguwar nan akwai masu riƙe mana yara kyauta, kun san su, na san su. Mun mayar da su kamar randar bakin hanya, kowa ya sha ya wuce, ba mai tambayar wa ke cika ta. Kada mu jira sai gwiwarsu ta murɗe. Asabar mai zuwa, wani a cikinmu ya je ya tsaya a ƙarshen layi, ya ce wa bawan Allah, zauna, na karɓa. Ba za a turo kowa ba. Mu ne.

Allah ya ba mu haƙurin tafiya da mai rauni, ya haɗa mu da masu jiranmu ranar da ƙafa ta gaza. Ku tashi, an kusa kiran salla.